Sifili a Littafin Baba

Ranar da na dawo daga Poli da takardata da jan biro,
Baba Tanimu ya miƙo min littafin shagonsa na Panteka,
bangon duk baƙin mai da zoben kofin shayi.
Ya ce, "Lantana, tunda kin karanci kuɗi,
gaya min inda nawa suke kwana."

Na ja layi tsakiyar shafi.
Hagu da dama, na ce, mangalar jaki ce:
in gefe ya rinjayi gefe, kaya na ƙasa.
Doka ta farko ke nan,
ba kwabon da ke fita bai bar sawu ba.

Bara buhun gwangwanin narkawa dubu goma,
bana sha uku. Talatin cikin ɗari.
Tukunya kuwa goma kacal ya ɗora mata,
wai kada matan Rigasa su taya su juya.
Na ce, Baba, ribar nan da kake gani,
kallon kitse kake wa rogo.
Ya ci gaba da kankare bakin murfi.

Wani mai ɗamarar wuya ya zo daga banki,
bashi, ashirin da takwas cikin ɗari, a biya sannu.
Baba ya ba shi benci, ya ba shi ruwan randa,
ya ce, "Wannan shi ke kashe ƙishi.
Naku ruwan cin mutum yake."

Kan zakka muka yi musu har la'asar.
Ni biyu da rabi cikin ɗari,
shi ɗaya cikin arba'in, ba ragi ba ƙari,
kafin kalkuleta ta raba gardama:
ashe gida ɗaya muka nufa,
ni ta titi, shi ta lungu.

Sai janareta.
Shekara biyar da saye, kowace shekara
doka ta ce a zabge masa ashirin cikin ɗari.
Na zabge, na zabge, bana ya kai sifili.
Na nuna masa da bakin biro.
A bayanmu sifilin na ta ruri,
yana juya injin goge tukwane.
Baba ya dube shi, ya dube ni:
"To ni mai sittin da uku,
nawa kike cire min duk shekara?"
Na yi kamar ina neman ruwan biro.

Abin da ya hana ni barci daban ne.
Dubu huɗu da ɗari biyar,
kowane wata, sai su yi layar zana.
Dare uku ina bin rasit ɗaya ɗaya,
na tuhumi gawayi, na tuhumi mai shayi,
na tuhumi hannuna.
Bulus mai zuga ne ya ja ni gefe:
kuɗin makarantar 'yar marigayi Gambo ne,
wanda suka yi shekara ashirin da Baba
suna riƙe kasko ɗaya na narkakkiyar dalma.
"Kada ki ce ni na faɗa."

A wane gida zan sa su?
Ba bashi ba ne, ba mai biya.
Ba asara ba ce.
Ba albashi ba, Gambo ya riga ya tashi aiki.
Malaminmu bai zana mana wannan a allo ba.

Na ja wani siririn layi can gefe,
ban rubuta masa suna a kai ba,
na zuba su ciki.

"Ya daidaita?" in ji Baba, bai ɗago ba.
Na ce ya daidaita.

Nan Nepa ta ɗauke wuta, magariba ta rufe rumfa.
Bulus ya naɗe igiya a hannu, ya fizga.
Sifili ya yi tari sau biyu,
ya haska mana shafin.